Kowane Yaro da Ɗabi'ar da Ya Zo da Ita

Mai tsintar shinkafa ta ci gaba da tsintarta, mai kitso ta ci gaba da kitsonta, kunne kawai nake roƙo ku ara mini.

Wata baiwar Allah ta aiko mana da wasiƙa, ta roƙi a sakaya sunanta. 'Ya'yanta uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban, tun yana jariri ba ruwansa, in ya sha nono sai barci. Mai bi masa mace ce, ƙiwa gare ta, ko kakarta ce ta miƙo hannu sai ta ƙanƙame uwar. Shi kuwa na goye, kuka ne dare da rana, har ranar girkinta ta zama ranar da maigida ba ya runtsawa. Uwar miji ta ce ita ta sangarta shi da yawan ɗauka, abokiyar zama kuma tana habaici wai hali a nono ake shan sa. Ta rufe wasiƙar da cewa, don Allah a gaya mata, laifinta ne?

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba laifinki ba ne. Kuma ba ke kaɗai ba ce, na san a gidaje da yawa akwai masu wannan kukan zuci. Abin da za mu tattauna ke nan yau.

Da farko mu raba kalmomi biyu da muka saba haɗawa. Akwai ɗabi'ar da yaro yake faɗowa duniya da ita, wato yanayin da yake karɓar abubuwa: saurin firgita ko rashinsa, ƙarfin kuka, yawan motsi, saurin sabo da mutane. Sannan akwai hali, wanda shi ne abin da wannan ɗabi'a take zama bayan ta bi ta hannun uwa da uba da 'yan gida da makaranta da abin da rayuwa ta kawo. Iyayenmu sun daɗe da lura da ta farkon, shi ya sa suka ce hali ya rigaya foro. Sun kuma san da aikin tarbiyya, tunda su ne dai suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganganun nan biyu duk gaskiya ne, kowace ta kama ɓangare guda.

Wannan tambaya ta me ya sa mutane suka bambanta tsohuwa ce ƙwarai. Kimanin shekara 2,400 da suka wuce, likitocin ƙasar Girka, almajiran Hippocrates wanda littattafan Larabci ke kira Bukrat, suka ce jikin ɗan Adam na ɗauke da ruwa iri huɗu. Daga baya wani likita mai suna Galen, ko Jalinus a bakin Larabawa, ya faɗaɗa maganar. Babban likitan nan Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya tsara ta a littafinsa Alƙanun, inda ake kiran wannan gaurayen da suna mizaji. Ta hanyar littattafan Larabci ne ilimin ya iso zaurukan malamanmu.

A wannan tsari, wanda jini ya rinjaya a jikinsa an haɗa shi da iska, shi ne mai fara'a da son jama'a, amma abu ba ya daɗewa a ransa. Wanda safara'u ta rinjaya, wato ruwan maɗaciya, an haɗa shi da wuta: zafin nama, saurin fushi, son shugabanci. Mai sauda'u an haɗa shi da ƙasa: zurfin tunani, zurfin ciki, riƙo. Mai balgamu, wato majina, an haɗa shi da ruwa: sanyin jiki, haƙuri, nawa. In kin taɓa jin an ce wance ɗabi'ar wuta gare ta, to daga nan maganar ta samo asali.

Likitancin zamani ya bincika, bai tarar da cewa waɗannan ruwaye ne ke juya halin mutum ba. Haka kuma ba a gane ɗabi'ar yaro daga lissafin sunansa ko ranar da aka haife shi. Amma abu guda da mutanen da suka gani ya tabbata, cewa kowa da yanayin da ya zo da shi. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna cewa waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya sun fi kama da juna a ɗabi'a fiye da sauran tagwaye. Ke nan gado yana da hannu a ciki, ko da yake ba shi kaɗai ba ne. Kuma gadon nan daga ɓangaren uwa da uba duka yake zuwa, ba a ruwan nono yake ba. Wannan amsar habaicin abokiyar zama ke nan.

A shekarar 1956, a birnin Niyok na ƙasar Amurka, wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu, miji da mata, Alexander Thomas da Stella Chess, suka fara wani dogon bincike. Abin da ya dame su shi ne, a zamaninsu duk matsalar da yaro ya samu sai a ɗora wa uwa, alhali suna ganin iyaye mata nagari da 'ya'ya masu wuyar sha'ani. Sai suka riƙa bin yara 133 tun suna jarirai har suka zama manya. Sun lura da abubuwa 9 da jarirai ke bambanta a kansu: yawan motsi, ko barci da yunwa da kashi suna da lokaci tsayayye, yadda yaro ke tarbar baƙon abu, saurin sabawa da canji, ƙanƙantar abin da ke damun sa, ƙarfin kuka ko dariya, yawan fara'a ko ƙunci, saurin ɗauke masa hankali, da naci a kan abu. Da suka haɗa, sai yawancin yaran suka faɗa kashi uku.

Kashi na farko su ne masu sauƙin reno, kimanin 40 cikin 100. Barcinsu da cinsu na da lokaci, suna da fara'a, kowa ya miƙa hannu sai su tafi. Kashi na biyu masu wuyar reno, kimanin 10 cikin 100. Ba a san lokacin barcinsu ba, kukansu da ƙarfi, baƙon abu ya zo sai bori. Kashi na uku masu jinkirin sabo, kimanin 15 cikin 100. Su ba bori suke yi ba, ja da baya suke yi, su laɓe bayan zanen uwa suna leƙe, sai sun ga abu sau da yawa kafin su saki jiki. Sauran 35 cikin 100 gauraye ne, sun ɗebo nan sun ɗebo can. Saboda haka in naki bai dace da ko ɗaya cif-cif ba, ba abin damuwa ba ne. Mai wasiƙarmu kuwa, kin ji Allah ya haɗa miki duka ukun a ɗaki ɗaya.

To, ga babban darasin da likitocin nan suka fitar. Abin da ya fi tasiri kan yadda yaro zai tashi shi ne dacewa tsakanin ɗabi'arsa da irin renon da ya samu. Ke mai girki ce, kin fi ni sani. Wutar da wake ke bukata in kika ba alayyafo sai ya narke, wadda ta ishi alayyafo kuma in kika ba wake sai a ci shi da tsatstsama. Murhu ɗaya, tukunya ɗaya, mai girki ɗaya. Yara ma haka ne. Tsawar da za ki daka wa wannan ya yi dariya ya wuce, ita za ki daka wa ƙanwarsa ta wuni ba ta ci abinci ba.

Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu fara da mai wuyar reno, tunda shi ya hana 'yar'uwarmu barci. Kafin komai a kai shi asibiti a duba, domin ciwon kunne ko zazzaɓi ko rashin ƙoshi suna sa kuka. Ki kuma sani cewa kukan jarirai yakan ƙaru har ya kai ƙololuwa wajen mako 6, wato dab da arba'in, sannan ya riƙa raguwa zuwa wata 3 ko 4. In an duba lafiyarsa ƙalau, to ɗabi'a ce. Irin wannan yaro abu kaɗan ke cika masa kai. Rage masa hayaniya, a daina karɓe-karɓensa hannu zuwa hannu in ya fara gajiya. Ki tsayar masa da lokacin wanka da na kwanciya, kullum iri ɗaya, ko da bai bi ba da farko. Goyo magani ne, kuma ɗaukar jariri in yana kuka ba ya sangarta shi. Kada a ɗura masa jiƙo ko maganin mura mai sa barci don a huta, yana da haɗari, kuma kafin wata 6 nono zalla ya ishe shi. In kika ji ranki ya kai maƙura, ki shimfiɗe shi a wuri amintacce ko ki miƙa wa wata, ki fita tsakar gida ki sha iska. Kada ki kuskura ki girgiza shi da ƙarfi cikin fushi, wannan na iya lahanta ƙwaƙwalwar jariri har abada, ko ma ya zama ajalinsa.

In ya fara tasawa, shi ne za ki ji ana kira mai taurin kai. Dokokinki su zama kaɗan, amma kada su riƙa canzawa. In yau kin hana gobe ya yi birgima kin ba shi, kin koya masa cewa birgima ce mabuɗi. Ki riƙa sanar da shi abu kafin ya zo: "In na gama wanke-wanken nan za ka yi wanka." Duka kuwa, irin wannan yaro ƙara masa wuta yake yi. In mai yawan motsi ne, ki tuna gidan nan da ke kika saba zama a cikinsa shi ya yi masa kaɗan. Ba shi aikin da zai ci ƙarfinsa: ɗebo ruwa, share tsakar gida, ba awaki dusa, wasa a ƙofar gida ƙarƙashin idon yayyensa. Nacin nan da ke ba ki ciwon kai yau, in ya samu hanya, shi ne gobe zai hana shi ajiye allo ko barin sana'a a tsakiya.

Sai mai jinkirin sabo. Ki fara sanin cewa ƙiwa a tsakanin wata 6 zuwa shekara guda da 'yan kai abu ne da yawancin yara ke yi, alama ce ta cewa yaro ya fara bambance nasa da baƙo. Sai dai ta wasu takan yi ƙarfi ta kuma daɗe. Wani malami a Jami'ar Harvard, Jerome Kagan, ya gwada ɗaruruwan jarirai 'yan wata 4 da baƙin abubuwan wasa da baƙuwar murya. Kimanin ɗaya cikin biyar suka riƙa miƙewa suna harbe-harbe da kuka. Da aka bi su, waɗannan ne suka fi zama masu tsoro da jin kunya. Amma da yawansu ba su dawwama cikin tsananin kunyar ba, sun sassauta da girma, ko da yake da wuya a ga wanda ya juya ya zama ɗan gaba-gaɗi. Wato ɗabi'a tana lanƙwasuwa, ba ta dai komawa kishiyarta.

Kuskure biyu muke yi da irin wannan yarinya. Ko mu tura ta da ƙarfi, a fizge ta a ɗora a cinyar baƙo ana dariya, ko mu ɓoye ta gaba ɗaya mu ce ai ba ta son mutane. Hanyar tsakiya ita ce kaɗan-kaɗan. Baƙuwa ta zo, bar ta a jikinki tana kallo, ita da kanta za ta matsa. Sabon abinci in ta ƙi, ki ɗauke ba faɗa, ki sake kawowa wata rana, wani yaron sai an gwada sau 10 ko fiye kafin ya karɓa. Za a sa ta makarantar Islamiyya, ki haɗa ta da yayarta ko 'yar maƙwabta da ta saba da ita, a kuma sanar da malam cewa shirunta ba daƙiƙanci ba ne. Batun yaye ma a duba. Al'adarmu ce a ɗauki yaro rana ɗaya a kai gidan kaka. Mai sauƙin hali zai yi kukan kwana biyu ya manta, amma mai jinkirin sabo ya rasa nono da uwa da ɗakin da ya sani duk a dare ɗaya, har yakan ƙi abinci ya rame. Gara a riƙa rage nonon a hankali, in kuma za a kai shi, ya saba da kakar tun kafin ranar. Haka nan in za a ba da riƙo.

Yanzu ga wanda na fi so ku buɗe kunne a kansa, mai sauƙin reno, wanda kowa ke sa wa albarka. A shekarar 1974 wani likita mai suna Marten deVries ya yi bincike a cikin makiyayan Masai na ƙasar Kenya, a lokacin da ake fama da fari. Ya ware jarirai 10 da suka fi sauƙin reno da 10 da suka fi rigima. Da ya koma bayan 'yan watanni fari ya tsananta, dabbobi sun mutu, mutane sun watse, 13 kawai ya samu labarinsu. A cikin masu sauƙin reno 7, guda 5 sun rasu. A cikin masu rigima 6, ɗaya ne ya rasu. Yaran ba su da yawa, amma darasin a fili yake: mai kuka shi ake sa wa nono, mai shiru sai a ɗauka ya ƙoshi.

Ki duba gidanki, uwargida. Aiki ya yi yawa, ga daka ga wanki ga ɗan abin sayarwa da za a ɗora wa yara, wane ne ake mantawa? Mai haƙuri. Saboda haka kada ki jira sai ya yi kuka. Jariri sabon haihuwa yana bukatar nono aƙalla sau 8 a dare da rana, in barci ya yi masa yawa a tashe shi. In ya kai cin abinci ki zuba masa a kwanonsa daban, don a kwano ɗaya masu hanzari za su cinye ya tashi da yunwa bai ce uffan ba. Ki ware masa lokacin hira da wasa, shi ma yana so, roƙo ne bai iya ba.

Kuma a kiyaye, ba kowane shiru ne haƙuri ba. Ɗabi'a aba ce da kika san yaro da ita tun farko. In mai wasa ya koma lakwas, ko jariri ya ƙi kama nono, jikinsa ya saki, numfashinsa na sauri, ko zazzaɓi, ko jijjiga, wannan ciwo ne, a nemi izinin maigida a tafi asibiti a ranar. Tamowa ma tana sa yaro ya zauna shiru ba walwala, ƙarancin jini kuma na sa ƙunci da kasala. Irin wannan magana tana da kyau ki yi ta da maigida tun lafiya lau, ku yi shawarar wanda zai raka ki in abu ya taso ba ya gari.

Wani abu kuma shi ne bakinmu. Sunan da muke laƙaba wa yaro yana bin sa. Kullum "mugu", "dolo", "sarkin kuka", "mai baƙin hali irin na dangin ubansa". Yaro yana ji, kuma da sannu zai yarda cewa shi ɗin ke nan. Ki tsawata a kan abin da ya yi, ki ce "duka ba kyau, ba ƙaninka haƙuri", ki bar shi da mutuncinsa. Ki guji gwada shi da ɗan ɗakin abokiyar zamanki, ko da ɗan'uwansa ciki ɗaya. Wannan gwadawar ba ta gyara kowa, gaba take shukawa tsakanin 'yan'uwa.

Kafin lokaci ya ci mu, mu juyo kanmu mu manya, domin jariran jiya su ne mu. Amaryar da aka kawo ta yi wata guda a ɗaki ba ta sakin jiki, kafin a yanke mata hukuncin girman kai, a tuna da mai jinkirin sabo. A ja ta a hankali, a ba ta ɗan aiki tare, za a ga bakinta ya buɗe. Mai saurin hawa kuma sau da yawa mai saurin sauka ce, in ta taso kada ki tare ta, bari ta huce sannan ku yi magana. Mai shiru-shiru ita ma kada a ɗauka ba ta jin ciwo, tarawa take yi. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma saɓani da yawa yana raguwa in kin gane cewa ba da gayya 'yar'uwarki take yi ba, yanayinta ne.

Sai dai wannan ba lasisi ba ne na cewa "haka Allah ya yi ni" a ci gaba da zagi da jifa da kwano. Saurin fushi ba ke kika zaɓa ba, amma abin da za ki yi in fushin ya zo yana hannunki. Ki san kanki. In ke mai wuta ce kuma Allah ya ba ki ɗa mai wuta, ke ce babba, ke za ki fara sassautawa. In ke mai son jama'a ce 'yarki kuma mai noƙewa, kada ki ɗauke ta a matsayin abin kunya.

Ga ɗan aikin da zan bar mu da shi. A wannan mako kowace ta zaɓi ɗa guda ta sa masa ido: me ke tayar masa da hankali, me ke kwantar da shi, wane lokaci ya fi rigima, yaya yake yi in baƙo ya shigo. Daga nan ki canza abu ɗaya tak a yadda kike bi da shi, ki ba shi mako biyu ki gani. Wadda ta ga canji ta aiko mana mu karanta wa sauran 'yan'uwa.

Ke kuma mai wasiƙa, ki samu lokacin da ran maigida ke sanyi ki yi masa wannan bayani, shi ya isar wa mahaifiyarsa cikin ladabi, zai fi shiga daga bakinsa. Allah ya raya mana zuriya, ya shirya mana su, ya ba mu haƙurin renonsu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.